Mudassir Mai Faifai da Muryar da Inna Take Nema

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, kuma ba a tambayar kowa ko ya shirya. Ranar Talata, tara ga watan Satumba na shekarar 2014, wajen azahar, Allah Ya karɓi ran abokina kuma abokin sana'ata, Mudassir Yusuf Toranke, wanda mutanen Gaya suka fi sani da Mudassir Mai Faifai. Motar hayar da ta ɗauko shi daga Kano ce ta yi karo da wata babbar mota bayan sun wuce Wudil. Sarin sababbin faifai ya je, irin waɗanda ba a buga komai a kansu ba, kuma waɗanda suka fara isa wurin sun ce haka suka tarar da su warwatse a bakin titi. Kafin magariba mun kai shi makwancinsa a Toranke. Ya bar mahaifiyarsa Inna Kulu, da matarsa Surayya, da 'ya'ya biyu ƙanana.

Mudassir, ni ne Abdulsalam mai kyamara na Ajingi, wanda ya shekara da shekaru yana kawo maka aikin biki da suna kana mita. An saba in mutum ya rasu a jero halayensa na kirki, a yi addu'a, a tashi. Zan yi haka. Amma ba zan ɓoye maka ba, da ɓacin rai nake wannan rubutu. Ba mutuwarka ce ta ɓata mini rai ba, wannan hukuncin Ubangiji ne, na karɓa. Abin da masu rai suka yi a bayanka ne ya tsaya mini a rai, da kuma abu guda da Inna ta roƙe ni.

Ka san idon Inna ya daɗe da tafiya. Ɗan hoton nan naka na katin zaɓe da ake ta miƙa wa masu gaisuwa bai amfane ta da komai ba, sai dai ta shafa shi ta mayar. Bayan sadakar bakwai ta sa aka kira ni, na durƙusa a ƙofar ɗakinta, ta ce:

"Abdulsalam, an ce kai kake ɗaukar mutane a na'ura, shi kuma yana sa su a faifai. To, ka samo mini inda ya yi magana. Ko gaisuwa ce. Ina tsoron kada in wayi gari na manta yadda muryarsa take."

Na ce mata to, in Allah Ya yarda. Na faɗa ne kawai, domin a lokacin na riga na san abin da aka yi a bayan gidanku. Zan zo kansa, amma bari in fara da kai.

Wanda bai san aikinka ba zai ɗauka zaman banza kake yi a ɗan shagon nan na bakin tashar Gaya, kana kallon wani layi yana rarrafe a fuskar kwamfuta. Faifai yana da iyakar abin da zai ɗauka, kamar buhu. Fim kuwa sau da yawa yakan zo ya fi ƙarfinsa, wani ma ya ninka shi. Aikinka shi ne ka sa kwamfuta ta sake juya fim ɗin tun daga farko har ƙarshe, tana rage masa nauyi, har ya shiga. Matsewa muke cewa. Kowa na iya matsewa, kuma da yawa sun yi, suna jibga fim goma ko fiye a faifai guda. In aka saka sai a ga fuskar mutum ta farfashe gida-gida, da an fara gudu ko faɗa hoton ya dagule, baki yana motsi murya tana can baya tana biyo shi. Kai ba ka yarda da wannan ba. Sai ka sa ta bi fim ɗin sau biyu, zagayen farko ta duba inda ake motsi da inda ake zaune, na biyu ta matse, ta rage wa wurin zama ta ƙara wa wurin motsi. Aikin da wani zai gama kafin azahar kai sai ya kai ka la'asar, in kuma aka ɗauke wuta ana tsaka da shi a koma farko. Na sha jin irin baƙar maganar da kake yaɓa wa janaretanka, kamar yana da kunne.

Kuma ba ka taɓa miƙa wa mutum faifai ba sai ka gwada shi a tsohuwar na'urar kallon faifan nan taka wadda aka ɗaure murfinta da roba. Kakan ce in dai ita ta karɓa, to babu ta ƙauyen da za ta ƙi. Mun yi ta yi maka tsiya a kanta, har muna ce mata uwargida, amma ban taɓa jin wanda ya hau mashin daga Gafasa ya dawo maka da faifai don ya ƙi tashi ba.

Ba zan mai da kai waliyyi don ka mutu ba. Finafinan Indiya da na China da namu na Hausa ka buga su ba adadi, ba tare da izinin masu su ba, kuma masu su suna da haƙƙi a kanka, Allah Ya sa su yafe. Kai ma ka san da haka, shi ya sa ba ka son a tayar da zancen. Amma rabin aikinka namu ne: ɗaurin aure, suna, walimar sauka, tarbar alhazai, naɗin mai unguwa. Ni in ɗauka, kai ka matse. A nan ne na ga wani abu a wurinka da ban gani a wurin kowa ba. Ka taɓa ce mini fim ɗin Indiya yana jure matsi, domin da fitilu aka haska shi. Mu kuwa baƙaƙe ne, kuma a inuwar darbejiya ko ƙarƙashin rumfa muke taro. In aka matsa da yawa sai inuwa ta cinye fuskar tsoho, a bar duhu da hula. Don haka ka kafa wa kanka doka: in aikin mutanenmu ya ƙi shiga faifai, ba za a ƙara matse fuska ba, sai dai a yanke wani wuri. Sai ka bi ka cire inda kyamara ta kalli ƙasa, da inda ake jiran liman, da inda na tsaya ina ɗaukar farantan shinkafa kamar ban taɓa ganin abinci ba. In an cire duk wannan bai shiga ba, sai ka cire kanka.

Domin kana ciki, Mudassir, kana ciki da yawa. Kai ne mai bi na wurin taro kana riƙe mini waya ko abin magana, kuma bakinka ba ya hutawa. Ka tsokani ango, ka tsokani kakar amarya ka ce kai ne mijin da ya dace da ita, ka tare alhaji ka tambaye shi ko ya yi mana addu'a ko dabino kawai ya ci. Da gangan nake juyo da kyamara kanka. In faifai ya fito in duba, babu kai. Ranar da na yi maka faɗa a kan haka, ko ɗago kai ba ka yi ba, ka ce:

"Ba ni aka zo gani ba. Wurin da zan ci gara a bar wa tsofaffi. Kuma me kake ci na baka na zuba? Asalin yana rumbu, ba inda za shi."

Rumbu shi ne sunan da ka sa wa ƙananan baƙaƙen akwatunan nan masu igiya da kake jonawa a kwamfuta, kowanne bai fi tafin hannu ba. A cikinsu kake ajiye asalin duk abin da na ɗauka, cikakke, ba matsi ba yanka. Fim ko ɗaya ba ka taɓa sawa a ciki ba. Finafinai suna cikin kwamfutar da kuma faifan da ke rataye a bango. Rumbu na mutane ne, kuma na ga ranarsa da idona. Wata baiwar Allah, Hanne daga Gafasa, ta zo da faifan walimar saukar ɗanta ya tsage gida biyu, jikoki sun yi wasa da shi. Ɗan kuwa ya riga ya rasu. Tana miƙo shi tana tambaya ko ana iya liƙewa. Ka ce ta zauna, ka aika a sayo mata kunu, kafin ta shanye ka buga mata sabo daga rumbu, har guda biyu, ka ce ta ɓoye ɗaya a ƙasan kwalla. Ta kwance bakin zane ka ce ta ɗaure abinta.

Haka ka yi da tafsirin marigayi limamin Toranke na azuminsa na ƙarshe. Na ce maka karatun wata guda ba zai shiga 'yan faifai kaɗan ba, ka yi dariya ka ce Malam ai zaune yake ba ya motsi, hotonsa ba shi da nauyi, murya za a ba haƙƙinta. Ka buga ka raba wa masallatai kyauta. Har yau in na bi ta kasuwar Ajingi ranar ci nakan ji muryar Malam tana tashi daga wata rumfa.

To, ga abin da aka yi. Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha, wani baƙon malami da ya zo gaisuwa ya ɗan yi nasiha. Ya ce duk wanda ya yaɗa finafinai ya mutu, kowane ido da ya kalla bayansa ana ƙara masa nauyi a kabari. Ban isa in ja da malami a kan ilimi ba, kuma ban ce da mugun nufi ya faɗa ba. Ya faɗi tasa ya hau mashin ya tafi. Baffa Maiwada, ƙanin mahaifinku, shi ya ɗauki maganar ya shiga da ita cikin gida. Ya ce wa Inna za a je a sauke wa ɗanta kaya, a kashe masa wuta. Wace uwa ce za a gaya wa haka ta ce a dakata? Cewa ta yi a yi maza. Ni kuwa na riga na koma Ajingi, ban san wainar da ake toyawa ba.

Baffa ya karɓi makullin shago, ya ɗebi mutane, suka nufi Gaya. Suka kwashe faifan bango, da na cikin kwali, da wayarka da aka dawo da ita daga wurin haɗari, da rumbunan nan, suka zuba a buhuna suka kawo bayan gida. Surayya tana cikin takaba, ba damar fita. Da ta ji abin da ake shiri, ta yi magana daga bayan labule, ta ce don Allah a ware baƙaƙen akwatunan, babu fim a cikinsu, bukukuwan mutane ne. Aka ce mata mai takaba ba ta ɗaga murya a kan maza. Sai ta lallaba ta kira ni a waya. Na baro Ajingi a guje, amma tun daga nesa na hango baƙin hayaƙi, kuma warin roba ya tare ni kafin in shiga gari.

Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Kwamfutar ba su taɓa ta ba. Ita da take cike maƙil da finafinan da ake gudu, aka goge mata ƙura, aka naɗe ta da zane, aka sa ta a ɗakin Baffa, wai kayan gado ce, dukiyar marayu, ba a wasa da ita. Tsohuwar na'ura da janareta ma duk kayan gado ne. Abin da ya yi kama da dukiya ya tsira, abin da bai yi kama da komai ba aka cinna masa wuta. Ba a tambayi kowa ba. Ga ni da rai a Ajingi, tafiyar da ba ta kai a sha ruwa ba. Kuma finafinan da ka riga ka sayar suna nan a ɗaruruwan gidaje ana kallonsu, wutar bayan gidanku ba ta rage ko ɗaya ba. Abin da ta ci shi ne asalin tafsirin Malam, da walimar ɗan Hanne, da auren 'yar Baffa ta fari, da fuskokin tsofaffin Toranke da Gafasa waɗanda yanzu suna ƙasa tare da kai. Da kai kanka, kana magana kana dariya.

Na dubi waɗanda suka kewaye wutar suna gyaɗa kai, na san su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda yake zagayowa ta bayan shago ya ce a zuba masa sabon fim ɗin Indiya mai fassara, amma a rubuta wa'azi a jikin faifan saboda mutanen gida. Akwai wanda ba ya barin ka tafi sallar la'asar sai ka gama masa na faɗa. A ranar duk sun zama masu tsoron Allah a kan kayan mamaci. Ban kama sunan kowa ba a nan, kuma ba don sun cancanci rufin asiri ba ne, don na san kai ba za ka so ba.

Da Inna ta yi mini wancan roƙo, sai na ce saura hanya ɗaya: faifan da ke hannun mutane. Wataƙila wata rana ka yi gaggawa, ko ka manta, ka bar kanka a wani wuri. Na shiga bin gidaje, ga shi lokacin cirar gyaɗa ne, maza duk suna gona. Na bi Toranke, na bi Ajingi, na bi Gafasa da ƙauyukan da ke tsakani, duk inda na tuna mun je tare. Mata suka yi ta fito mini da faifai daga ƙasan gado da cikin kwalla, wasu a naɗe cikin ɗankwali, wasu sun karce har ba a ganin fuska a jikinsu. Wani gidan aka ce in je gona, an rataye nasu a igiya yana korar tsuntsaye. Na je na kwance shi.

Na zauna na kalle su duka. Ni na ɗauka, don haka na san daidai inda kake. Sai in ga kyamara ta fara juyawa hagu, in ce ga shi nan, sai hoto ya yi tsalle a koma kan liman. Wani wurin an bar gefen hannun rigarka. Wani wurin kakar amarya ce take dariya har da hawaye, tana duban wanda babu shi. Ko rabin kalma ba ka bari ba. Shekarun nan duka ina yabon tsabtar aikinka a gaban mutane, ban taɓa jin haushinta ba sai a wannan zama.

A ƙarshe na samu wani abu. Faifan wani suna ne a Gafasa. Liman ya yi addu'a, jama'a suka amsa gaba ɗaya, sai wata murya guda ta ce amin ita kaɗai a bayansu, kusa da abin magana. Na tuna kai ka riƙe abin maganar a ranar. Na mayar na sake ji, na sake, har na tabbatar wa kaina kai ne. Na ari ƙaramar na'ura mai batir na nufi Toranke bayan la'asar. Na tarar da Inna a kan tabarma a tsakar gida, Baffa yana zaune a gefe ya zo gaishe ta. Na kunna, na kai mata kusa da kunne. Ta ce in sake. Na sake. Sai ta girgiza kai.

"Ba shi ba ne. Wannan Sagiru ne ɗan gidan ladan. Mudassir ba ya jan amin haka."

Ta tambaye ni yaya aka yi mutum mai surutu irinka ya yawata bukukuwan ƙasar nan duka amma babu inda aka kama maganarsa. Na gaya mata gaskiya, cewa kai kake yanke kanka don wurin ya ishi mutane. Har ta ɗan yi murmushi, ta ce halinka ne tun kana yaro, in tuwo bai isa ba kai ne mai cewa ka ƙoshi. Sai ta juyo da fuskarta wajena.

"To, abin da yake yankewa, zubarwa yake yi?"

Na ce a'a Inna, ajiyewa yake yi.

"A ina?"

Baffa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Daga cikin ɗaki aka ji kukan Surayya, wanda ta daɗe tana dannewa. Inna ba ta gani, amma ba ta buƙatar a yi mata bayani. Ta ɗora hannunta a kan na'urar. Can ta ture ta a hankali zuwa gabana, ta ce:

"Ni na ba su kananzirin. Ka daina wahalar da kanka, Abdulsalam, ka mayar wa mutane faifansu."

Na mayar. Ban sake komawa da komai ba, ita ma ba ta sake tambaya ba.

Ya Allah, ga bawanKa Mudassir ya zo gare Ka. Ka gafarta masa abin da ya yi da saninsa da wanda ya yi bai sani ba. In akwai nauyi a kansa, Kai ne mai saukewa, ba wutar bayan gida ba. Ka auna masa hawayen Hanne da ya share, da karatun Malam da ya raba, da kowace fuskar tsoho da ya ƙi bari inuwa ta cinye. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Surayya, wadda ta faɗi gaskiya aka ce ta yi shiru, Allah Ya ba ta haƙuri, Ya raya mata marayunta, Ya sa su zama masu yi wa ubansu addu'a. Ina yi wa Baffa Maiwada ta'aziyya, ɗansa ne ya rasu, kuma na san da nufin alheri ya yi abin da ya yi. Allah Ya yafe masa. Ni dai har yanzu zuciyata ba ta sauko ba, kuma ba zan yi ƙaryar ta sauko ba. Ina yi wa mutanen Gaya da Ajingi da Toranke da Gafasa ta'aziyya, su riƙe faifan da ke hannunsu da kyau, domin wanda ya fashe yanzu ya tafi ke nan.

Inna kuwa, ban san kalmar da zan yi mata gaisuwa da ita ba. Allah Ya sanyaya mata, Ya cire mata wannan abu daga rai. Mudassir, in ranarta ta zo bayan tsawon rai, Allah Ya sa kai ne za ka fara yi mata sallama.